Rabin Shafi na 158

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ƙungiyar makarantu ta dakatar da karɓar littafin Yaya. Wasiƙar ta iso maɗaba'a ƙarfe tara da kwata, sakin layi biyu, da sa hannun ciyaman ɗin kwamitin littattafai. Dalili: ƙorafin iyaye a kan babi na goma sha ɗaya, wanda ya yi bayanin yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta mako na uku ya yanke hukunci, a cire babin ko a bar shi.

Kwafi dubu shida suna ɗakin ajiya, an ɗinke su, an yanke baki, an ɗaure ashirin-ashirin. Littafin ilimin halittu ne na 'yan babbar sakandare. Shekara shida Yaya ta yi tana rubuta shi a teburin falonta bayan ta taso daga aji. Ni na gyara shi, domin ni ne editan gidan nan tun da na bar aikin jarida.

Abin da ya tabbata: wani ya ɗauki hoton shafi na 158 da waya, kuma hoton ya zaga gari. A ƙasan shafin akwai zanen nan da kowa ya sani, biri a tsugune, na gabansa ya ɗan miƙe, na gaba ya ƙara miƙewa, har a kai ga mutum a tsaye. Abin da bai tabbata ba: ko akwai mutum ɗaya cikin masu tura hoton da ya karanta shafukan da ke kafinsa.

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin labarai. Irin wannan surutu kwana uku yake yi.

Litinin, biyar da rabi na yamma

Na biya gidan Yaya. Na same ta tana duba takardun gwajin ɗalibai, tabarau a kan hanci.

"Zauna, Auta."

Shekarata hamsin da ɗaya, ga furfura, amma a gidan nan Auta nake. Ta jawo rubutunta na asali daga ƙarƙashin tebur, ta buɗe ƙarshen babin, ta turo mini.

"Nuna mini biri a nan."

"Babu, Yaya."

"To ta ina ya shigo? Ta taga?"

Na ce zan bincika. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne zanen ko a kimiyyar ma ba daidai ba ne. A shafi na 155 ta rubuta da kanta cewa masu bincike ba su ce birin da muke gani yau shi ya rikiɗe ya zama mutum ba, kuma halittu ba sa jerin gwano daga na baya zuwa na gaba. "Shekara ashirin da huɗu ina gaya wa yara su yi watsi da wannan zanen. Yau ga shi a ƙarƙashin sunana."

Da na tashi tafiya ta ce, ba ta ko ɗago ba: "In suka cire babin, ka cire sunana daga bango. Ku sa naku."

Na ce ba za a kai nan ba. Kuma ba za a kai ba.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Kwana uku, in an fara lissafi daga jiya.

Laraba, sha biyu na rana

Manaja ya tara mu a ofishinsa, ni da Dogo mai tsara shafuka. Yadda abin ya faru ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya san gidan nan. Babin Yaya ya ƙare a tsakiyar shafi na 158, rabin shafi ya rage fari. Manaja kuwa yana da doka tun kafin in zo: takarda ba ta fita maɗaba'arsa tsirara. Saboda haka Dogo yana da tarin zane-zane a kwamfutarsa don cike gurbi, fure, kifi, madubin ƙara girma, ƙashin ƙafa. Ya nemi abin da ya dace da babin, ya samu wannan, ya yi daidai da faɗin gurbin cif.

"Kai Dogo, duk dabbobin duniya ka rasa wanda za ka sa sai biri? Ina kunkuru? Wa ya taɓa kai ƙarar kunkuru?"

"Ranka ya daɗe, ni aikina in cike."

"To ka cike mana. Ka cike mana gidan gaba ɗaya."

Manaja ya ce ya riga ya kira ciyaman ya yi masa alkawarin za a cire babin, kuma wanda ya sa zanen zai ɗanɗana kuɗarsa. Na ce alkawari ya yi wuri, kwamiti bai ma zauna ba. Dogo ya dube ni. Na duba agogo.

Kwafin gwaji na ƙarshe, wanda aka sa wa hannu kafin a kai inji, yana durowar teburina ta ƙasa. Yau akwai aiki da yawa.

Alhamis, huɗu na yamma

Rana mai kyau. Na sauka wajen Baba mai inji na tambaye shi yadda za a cire babi daga littafin da aka riga aka ɗinke. Ya yi dariya har ya dafa injin.

"Manaja ya ɗauka ganyen bishiya ne, a tsinke ɗaya a bar ɗaya?"

Ya ɗauko falle ɗaya babba ya naɗe a gabana, sau uku, ya zama shafi goma sha shida. Ɗauri muke ce masa. Babin Yaya yana cikin ɗauri na goma, shafi na 145 zuwa 160. In ka zare shi, ka zare ƙarshen babi na goma, wato jadawalin da ke nuna yadda yaro ke gadon sikila daga iyayensa, ka kuma zare farkon babi na sha biyu. Ba makarantar da za ta karɓi littafin ilimin halittu da ba jadawalin sikila.

Na hau sama na bi littafin shafi-shafi da fensir. Wuri ashirin da uku ne aka rubuta "duba babi na 11". A bayanin sauron da ya daina jin maganin feshi. A bayanin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. A bayanin dalilin da ya sa sikila ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Ka cire babin, ka bar yaro da yatsa ashirin da uku suna nuna masa ƙofar da aka toshe.

Na rubuta duka a takarda ɗaya, lamba-lamba. Hujja ce da ba ta bukatar ɗaga murya. Na aika wa Yaya. Ta amsa da kalma ɗaya: "Madalla." Can kuma ta ƙara: "Ka gano wanda ya ga zanen kafin a buga?"

Na ce ina kai.

Asabar, bayan abincin rana

Matata ta ce maƙwabciyarmu ta tare ta a bakin famfo tana tambaya ko gaskiya ne yayar mijinta ta rubuta littafi ta ce kakanninmu birai ne. Ta ce mata, "Ni dai dangin miji na sani, kuma ban ga wutsiya ba tukuna."

Muna dariya sai ta ajiye cokali.

"Kai ka yarda da abin da ke cikin babin?"

Na ce akwai abin da masana kimiyya suka haɗu a kai bisa ƙasusuwa da duwatsu da binciken gado, akwai kuma tambayoyin da malaman addini ke yi, kuma su kansu malaman ba bakinsu ɗaya ba, wasu suna ganin—

"Baban yara, ba rediyo na kunna ba. Kai nake tambaya."

Na ce na yarda da hujjar, kuma ban ji ta taɓa imanina ba. Ta ce to, da ka faɗi haka tun farko da abincinka bai huce ba.

Talata, shida na yamma

Abin da ya faru a ƙofar makarantar su Yaya da safen nan ba zan rubuta shi ba. Ba wanda ya ji ciwo. Shugabar makarantar ta roƙe ta ta riƙa shiga ta ƙofar baya na ɗan lokaci. Ta ƙi. Ta koyar da darasinta biyu, ta dawo gida da ƙafa kamar kullum.

Na kira sau biyu in ji lafiyarta. Ta ce lafiya lau, me kuma?

Kwana tara.

Laraba, sha ɗaya na safe

Na je wajen ciyaman da kaina. Yana da shagon magani a bakin babban titi, mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali. Na tarar yana fama da wani direba da ke son kafso huɗu kawai.

"Ko ka sha na kwana bakwai cif, ko ka bar mini kayana. In ka sha rabi, masu rauni ne za su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Wata uku ka dawo, maganin ba ya yi maka komai."

Na ji daɗi ƙwarai. Da direban ya fita na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka faɗa yanzu shi ne shafi na 150, kusan kalma da kalma."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na sani. Na karanta babin sau biyu. Kar ka yi mini wayon 'yan jarida, Malam Edita."

Wannan ban zata ba. Ya ce ba shi da matsala da ƙwayar cuta ko sauro, kullum yana gani a shagonsa. Damuwarsa sakin layin nan ne na shafi na 155, inda aka ce masu bincike suna ganin mutum da birai sun haɗa asali mai nisa. "'Yata tana aji biyar. Ranar Litinin malamin addini ya gaya mata asalinta, ranar Talata malamar kimiyya ta gaya mata wani. Yarinyar shekara goma sha shida ce za ta yi musu sulhu? A cikin motar haya, a hanyar gida?"

Na ce yara suna ɗaukar abin da ya fi haka. Ya ce wataƙila, amma ba nawa ba ne, nasa ne. Na ba shi takardata mai lamba ashirin da uku. Ya karanta duka a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Zanen fa? Malamar ce ta zaɓa?"

Na ce a'a, kuskuren maɗaba'a ne.

"Maɗaba'a gini ce. Wane ne?"

Wata mata ta shigo neman maganin tari, na yi sallama.

Mutum ne da za a iya magana da shi. Har yanzu ina ganin za mu yi nasara.

Alhamis, uku na rana

Manaja ya ba Dogo takardar dakatarwa. Ya shigo ofishina da ita a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa, kansa na kusa da taɓa katakon sama. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare. 'Ya'yansa huɗu.

"Malam, zan tafi."

Na ce abin na ɗan lokaci ne, zan yi magana da Manaja in ƙura ta lafa.

"Ba komai. Ni dai ban faɗa a gabansa ba, don ba nawa ba ne in faɗa." Ya ninke takardar. "Jan biro a gidan nan guda ɗaya ne."

Ya ja ƙofar a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi da ya fi mini.

Juma'a, bakwai da rabi na safe

Na buɗe durowar.

Asabar, biyar na yamma

Zan rubuta shi yadda zan rubuta na wani.

A kwafin gwaji na biyu, shafi na 158, akwai kibiya da jan biro zuwa farin gurbin, da kalmomi uku: "A cike nan." A kwafi na ƙarshe zanen yana wurin, a gefensa kuma: "Ya yi. A buga." Rubutun edita ne duka biyun. Marubuciyar ta ga kwafi na biyu kafin a sa kibiyar. Ba a aika mata na ƙarshe ba, saboda inji na jira, kuma edita ya ga ba abin da ya canza sai ado. Editan ya karanta shafi na 155 sau huɗu yana neman waƙafi.

Na kai wa Yaya takardun biyu na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Ranar da ka zauna a kujerar nan ka ce za ka bincika."

"E."

"Ka bincika da kyau kuwa." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Zanen bai dame ni kamar wannan ba, Auta. Kowa na kuskure da gaggawa. Amma kwana goma sha biyu ina zagin bawan Allah a raina, kai kana aiko mini da lissafi."

Na fara bayanin cewa na so in tsare babin tukuna, don in aka ji ƙanenta ne za a ce da saninta. Ta ɗaga hannu.

"Wannan ka ajiye wa jarida. Tashi ka je, ina da takardu."

Ba ta ce in gaida gida ba.

Litinin, sha ɗaya na safe

Na gaya wa Manaja. Ya yi ta faɗa minti ashirin, rabi a kaina, rabi a kan biri. Na jira ya gama, na ce abu biyu nake so: a dawo da Dogo yau, kuma a bar ni in karanta gyara a gaban kwamiti da bakina. Ya ce in kwamiti ya nemi kan wani, kaina zai miƙa. Na ce daidai ne.

Na rubuta gyaran kamar yadda muke yi a jarida, layi huɗu, ba ado: me aka buga, me ya sa ba daidai ba ne, wa ya amince, me za a yi. Na sha rubuta wa wasu irinsa. Ashe ya fi sauƙi in sunan wani ne a layi na uku.

Dogo ya dawo ƙarfe biyu. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambaya ko akwai aiki.

Litinin, shida na yamma

Na kira Yaya.

Ba ta ɗaga ba.

Talata, shida na yamma

Ba ta ɗaga ba. Matata ta ce in bar kira, in tana son magana ta san lambar. Na ce ba damuwa nake ba, shirin Alhamis nake son mu daidaita. Ta ce to.

Alhamis, huɗu da rabi na yamma

An zauna a ɗakin karatu na wata makaranta, mutum bakwai a dogon tebur, mu a kujerun ɗalibai. Yaya ta zo ita kaɗai ta zauna layi biyu gaba da ni.

Na karanta gyarana.  Ciyaman ya ce, "Yanzu ginin ya yi suna," ya rubuta wani abu. Na ce maɗaba'a za ta sake buga ɗauri na goma ba zanen, ta warware littattafan ta sake ɗinkewa.

Wani dattijo, shugaban makaranta ne, ya kawo shawarar a bar babin amma a ƙara wani kusa da shi a kan halittar mutum kamar yadda addini ya zo da ita, yaro ya ga biyun. Kai uku suka gyaɗa. Aka ba Yaya dama.

Ta ce wannan ilimi yana da malamansa da darasinsa, kuma sun fi ta saninsa nesa ba kusa ba. "In na sa shi a littafina, sai in sa shi a jarrabawa, in ce yaro ya kawo hujjar awo da gwaji, in ba shi maki bakwai cikin goma. Ni ba zan ba imanin ɗan wani maki ba. Ku ma ba za ku so ba."

Dattijon ya ce to a cire sakin layin shafi na 155 kaɗai, kowa ya huta. Ta ce a'a. Yaran za su ji shi a waya ko a jami'a daga bakin wanda bai damu da su ba. Gara su ji daga wadda za ta tsaya bayan an tashi ta amsa tambaya.

Ciyaman ya ce, "Malama, 'yata ta zo miki da kuka ta ce abu biyun sun rikice mata, me za ki ce?"

"Zan ce ta zauna. Zan ce ni ma na yi wannan kukan ina shekara ashirin, kuma ban taɓa shakkar Wanda ya yi halitta ba. In nuna mata abin da masu bincike suka gano, da hujjarsu, da inda hujjar ta tsaya. Daga nan in ce ta je ta tambayi babanta, don na ji an ce yana karatu sau biyu."

Mutum biyu suka yi dariya. Shi bai yi ba, amma ya rubuta.

Suka ce mu fita, za a ji hukunci a rubuce. A baranda na ce, "Yaya, in kai ki gida?" Ta ce tana da ƙafa. Ta yi taku uku ta juyo. "Gobe zan zo in ga sabon ɗaurin. Da idona."

Juma'a, ɗaya na rana

Ta zo ƙarfe tara. Karo na farko ke nan da ta taka maɗaba'ar. Kafin komai ta nemi Dogo, ta ce masa ta yi masa mummunan zato, ya yafe mata. Dogo ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ta zauna a kujerata ta karanta shafi goma sha shidan, yatsa a kan kowane layi, awa biyu da rabi. Ta samu waƙafi ɗaya da ya ɓata a shafi na 152. Ta nuna mini. Da ta kai 158, Manaja ya matso da fara'a ya ce akwai zanen kunkuru mai kyau, ko fure in ta fi so.

"A bar shi fari."

"Hajiya Malama, rabin shafi ne fa. Sau dubu shida."

"Yara sa yi rubutu a wurin."

Manaja ya dube ni neman agaji. Na ce marubuciya ta yi magana. Ya fita yana cewa an kashe shi.

Ta miƙo hannu, na ba ta jan biron. Ta sa hannu a ƙasan ɗaurin, ta rubuta kwanan wata, ta ƙara da layi ɗaya: ba za a kai inji ba sai wasiƙar kwamiti ta zo kuma babin yana nan cikakke. Maganar bango ba ta canza ba. Biron kuma ta jefa shi a jakarta.

Juma'a, biyar da kwata na yamma

Sakataren kwamiti ya kira ni, ya ce kar in ambaci sunansa. Huɗu da uku, babin ya tsaya, har da shafi na 155. Ya ce ƙuri'ar ciyaman ce ta raba, bai kuma faɗi abin da ciyaman ya ce ba. Akwai sharaɗi ɗaya da bai ji da kyau ba saboda ya fita amsa waya.

Na kira Yaya. Ta ɗaga a bugu na biyu.

"Ka gani a rubuce?"

"A'a, Yaya. Majiya ɗaya ce."

"To kira ni in ka gani. Ka gaida gida."

Baba ya wanke injin ya rufe. Wasiƙar, in ji sakataren, sai Litinin.